Sabon inji, tsohon tanki: dalilin da ke sa motocin da aka yi wa dashe mutuwa a kwana da kan tudu

A garejin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas, akwai wani koke da kanikawa suka saba ji daga masu tsofaffin motocin da aka sauya wa inji. Mota na tafiya lafiya lau a kan miƙaƙƙiyar kwalta, amma da ta sha kwana mai tsawo, ko ta ɗaga hanci za ta hau tudun rairayi, sai ta yi tari, ta ja baya kamar an riƙe ta, wani lokacin ma ta mutu ɗungurungum. Direba ya dubi allura ya ga da sauran mai, kwata ko fiye. Ya sake murza makulli, ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Wanda ake fara ɗora wa laifi shi ne man ruwa-ruwa na bakin hanya. Daga nan a sauya buji, a wanke injekta, a ƙarshe a ce ƙwaƙwalwar motar ce ta samu matsala, alhali ita ce ta fi komai tsada. Sau da yawa kuwa duk waɗannan lafiyarsu ƙalau. Cutar tana can baya, cikin tankin mai, wurin da ba a taɓa ba ranar da aka yi dashen inji.

Dashen inji ya zama ruwan dare a ƙasar nan saboda dalili mai sauƙi: gangar jikin tsohuwar kat-kat ta fi injinta tsawon rai. Land Cruiser mai injin 3F ko 1FZ-F, da Hilux mai 22R ko 4Y, duk da karbireta suka zo. In injin ya gaji, abin da ke kasuwar kayan gyara yanzu galibi mai injekta ne, irin su 1FZ-FE, 3RZ-FE, 2TR-FE ko 1GR-FE. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, kuma sun fi saurin tashi da sanyin safiya. Sai a ɗora inji, a ja wayoyi, a ɗaura famfon lantarki a jikin shasi, a haɗa shi da tsohon tanki, a miƙa wa mai mota makulli.

Abin da karbireta ke yafewa

Karbireta tana da ɗan kwano a jikinta wanda kullum yake cike da mai. Famfon da ke ciyar da ita, wanda inji ke kaɗawa, ba ya buƙatar matsi mai yawa. Abin bai wuce bar 0,2 zuwa 0,5 ba. Idan mota ta karkata mai ya gudu gefe guda cikin tanki, bakin tiyo ya shaƙi iska na daƙiƙa biyu ko uku, inji ba zai ma sani ba, domin yana shan abin da ke cikin kwanon, iskar kuma ta fice ta hanyar numfashinsa. Shi ya sa masu ƙera tankunan wancan zamani ba su damu da yi musu shinge sosai a ciki ba.

Injin injekta ba ya da wannan kwano. Injektoci suna jere ne a kan wata sandar ƙarfe da dole ta kasance cike da mai a matsin da ya kai kusan bar 3, wato kamar ninki goma na abin da karbireta ke so. Ƙwaƙwalwar mota tana lissafin tsawon lokacin da za ta buɗe kowace injekta ne bisa zaton cewa wannan matsi yana nan daram. Da famfo ya haɗiyi iska, matsi ya faɗi nan take, injekta ta buɗe amma abin da ya fito bai kai ba. Tarin da direba ke ji ke nan.

Kamfanonin mota sun san da haka, shi ya sa a motar da ta fito da injekta daga masana'anta, famfo yana zaune ne cikin wani ɗan kofi ko akwati a ƙasan tanki, man da ya dawo daga inji yana zuba a cikinsa. Ko tanki ya kusa ƙarewa, kofin yana riƙe da abin da zai wadatar har a fita daga kwana. Tsohon tankin karbireta ba ya da wannan kofi. Faffaɗan tanki mai lita 90 da ya rage saura lita 20 a ciki, zurfin man bai wuce ƴan yatsu ba, kuma da mota ta jirkice sai ya tattare a lungu ɗaya ya bar bakin tiyo a fili.

Da abin ya tsaya a tari kawai, da da sauƙi. Lokacin da inji ya fi buƙatar mai, wato an taka totur har ƙasa ana hawan tudu da kaya, shi ne lokacin da man ke yankewa. Haɗin mai da iska ya yi tsinkakke, zafi ya hau cikin silinda, inji ya fara ƙwanƙwasa. In abin ya yawaita, fiston ne ke ƙonewa ko bawul, musamman a injin da aka ɗora wa turbo. Shi kansa famfon, man da ke bi ta cikinsa shi ke sanyaya shi yana kuma yi masa aikin maiƙo, don haka duk shaƙar iska guda tana rage masa kwana. A cikin gari, mutuwar famfo ɓacin rana ɗaya ce. Tsakanin Agadas da Dirku, ko kan hanyar masu neman zinari ta Jado da Cibarakaten, mutuwar famfo magana ce ta ruwan sha nawa ya rage a jarka.

Tankin ko-ta-kwana

Maganin da masu tseren motoci suka daɗe da samowa shi ne a maido wa inji kwanon da ya rasa, amma babba. Masu Ingilishi na ce masa saj-tank, masu Faransanci kuma buwat-tampon. A Hausance ana iya kiransa tankin ko-ta-kwana. Gwangwani ne na alminiyom, dogo kuma siriri, mai cin lita 1 zuwa 3, da ake kafawa a tsaye tsakanin babban tanki da inji. Sirantarsa ita ce dabarar: mai ba ya da filin da zai gudu, don haka ƙasansa ba ya bushewa duk yadda mota ta karkata. An fi ganinsa a motocin tseren da'ira, da na zamiya irin wadda ta samo asali daga Japan, da kuma na tseren daji. Tsofaffin Agadas ba baƙin irin waɗannan motoci ba ne, tunda gasar Paris-Dakar ta farko, wadda ta tashi a ƙarshen Disamban 1978, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Tenere ta kasance zuciyar gasar shekaru da dama.

Famfo biyu ake buƙata. Na farko mai ƙaramin matsi ne, irin wanda ake sa wa motar karbireta. Aikinsa kawai ya ɗebo daga babban tanki ya zuba a gwangwanin ta sama. Na biyu mai babban matsi ne, shi ke tsotsa daga gindin gwangwanin ya tura wa injekta. Idan na farkon ya shaƙi iska a kwana, ba komai: iskar ta taso sama cikin gwangwanin ta fice, na biyun kuwa yana ci gaba da shan tsantsar mai daga ƙasa.

Gwangwanin yana da baki huɗu, kuma kowanne da gurbinsa. Na gindi na babban famfo ne. Ɗaya a sama yana karɓar abin da ƙaramin famfo ya kawo. Wani yana karɓar rarar man da ya dawo daga inji bayan ya wuce mai daidaita matsi. Na can ƙololuwa kuma shi ke mayar da ambaliya da iska zuwa babban tanki. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi yi wa rowa. Bai kamata ya fi tiyon shigowa ƙanƙanta ba, kuma haramun ne a toshe shi. In ya matse, matsi ya taru cikin gwangwanin da ba a ƙera shi don ɗaukar matsi ba, ya kuma hana rarar inji dawowa yadda ya kamata, sai inji ya koma shan mai fiye da kima.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da tiyon dawowa kai tsaye zuwa babban tanki, tunda can ne tsohon ramin yake. Lissafi kaɗan zai nuna illar haka. A ɗauki famfo mai tura lita 255 a awa, wato lita huɗu da kwata a minti, da gwangwani mai lita 2. Idan ƙaramin famfo ya yanke kuma rara na tafiya babban tanki, babban famfon zai kwashe gwangwanin tas cikin ƙasa da daƙiƙa 30, ko da inji bai sha komai ba. Idan kuwa rarar na dawowa cikin gwangwanin, abin da inji ya ƙona ne kaɗai ke raguwa. Injin da ke shan lita ɗaya da ɗoriya a minti a cikakken totur zai yi kusan minti biyu kafin ya ga ƙasa. Babu kwanar da ta kai minti biyu, kuma tudun da ya kai haka ba a hawa shi da totur a ƙasa tun daga farko har ƙarshe.

Babba ba shi ne mai kyau ba

A shagunan kayan mota, mai saye yakan tambayi famfon da ya fi ƙarfi, mai sayarwa kuma ba zai ƙi ba. Amma girman famfo lissafi gare shi, kuma ba mai wuya ba ne. Injin fetur da ba turbo yana shan ɗan ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na lita a kowace awa kan kowane ƙarfin doki guda, idan an matse shi iyakar ƙarfinsa. Injin 1FZ-FE mai lita 4,5, wanda ƙarfinsa ke wajen doki 210, zai sha kimanin lita 65 a awa ke nan. Hilux mai 3RZ-FE, da ke wajen doki 150, bai kai lita 50 ba. Injin turbo ya fi haka kwaɗayi: mai doki 300 zai nemi sama da lita 100. A ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari saboda tsufan famfo da dattin mataci, an samu abin da ake nema.

Wannan ya nuna cewa sanannen famfon Walbro mai lita 255 ya ninka buƙatar 1FZ-FE kusan sau huɗu, balle Bosch 044 da masu tsere ke ji da shi. Ba za su ƙara wa injin doki ko ɗaya ba. Abin da za su yi shi ne su dinga kai mai inji suna dawowa da shi ba gaira ba dalili, kuma a kowane zagaye man yana ɗaukar zafi. Akwai kuma wani abin lura: adadin da aka rubuta a kwali na wani matsi ne da wani ƙarfin batir takamaimai, galibi kusan bar 3 da bolt 13,5. Da matsi ya hau, ko wuta ta ragu, abin da famfo ke bayarwa sai ya sauka. A injin turbo, mai daidaita matsi yana da ɗan tiyo da ke haɗe da bututun iska, yana ƙara matsin mai daidai da matsin turbo, don haka famfon yana aiki mafi wuya ne a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ƙaramin famfon kuwa ba sai ya kai babban ba. Tunda rara na dawowa gwangwani, abin da ake so daga gare shi kawai ya fi abin da inji ke ƙonawa, da ɗan sarari. Mai lita 100 a awa ya ishi yawancin kat-kat ɗinmu.

Waɗannan sunaye biyu, Walbro da Bosch 044, suna cikin famfunan da ake yawan yi wa jabu. Kwali mai kyau ba shaida ba ce, araha mai yawa kuma ita kanta gargaɗi ce.

Zafin Afrilu

Umarnin da ke zuwa da waɗannan kaya galibi an rubuta shi ne a ƙasashen da ba su kai nan zafi ba. A nan, watannin Afrilu da Mayu ma'auni na haura 40 har ya doshi 45 a inuwa, ƙasan mota kusa da kwalta da salansa kuwa ya fi haka. Fetur ba ruwa ɗaya ba ne, gauraye ne, kuma mafi sauƙin sassansa suna fara tafasa tun wajen digiri 35. Babban famfo da ke jan amfiya 12 yana cin kusan wat 160, kuma kaso mai yawa na wannan wuta zafi yake komawa cikin man. A haɗa da zafin da man ke kwasowa daga kan inji, a tara shi duka cikin gwangwani mai lita 2, sai a ga dalilin da ya sa wasu motocin ke yin lafiya da safe amma su fara kuka da tangarɗa bayan azahar.

Abin da ke faruwa shi ne, a bakin famfo inda ake tsotsa, matsi ya yi ƙasa, man mai zafi ya koma tururi, famfon ya dinga markaɗa kumfa. Alamarsa ƙara mai kaifi kamar ta ƙudan zuma, wadda ke ƙaruwa da rana. Famfon lantarki gwanin turawa ne, rago ne wajen tsotsa. Saboda haka a kafa shi ƙasa da gwangwanin, kusa da shi, da tiyo gajere mai faɗi, babu lanƙwasa mai tsini. Matacin da ke gabansa ya zama mai manyan ido, wajen mikron 100; mai ƙananan ido, na mikron 10, bayan famfo yake zama, kafin injekta. Wanda ya juya su ya shaƙe famfonsa da hannunsa. Da yake ƙura da mai na kwalba ba baƙi ba ne a hanyoyinmu, matacin gaba ya zama irin wanda ake kwancewa a wanke.

A nan ne ƙaramin famfo mai ɗan yalwa ke da amfani na biyu: yana shigo da mai mai sanyi daga babban tanki, yana kore mai zafi ta bakin ambaliya. Gwangwanin kuma a nisanta shi da salansa, in wuri ya ƙure a sa farantin ƙarfe tsakaninsu da ɗan sarari don iska ta ratsa.

Inda wuta ke fitowa

Wannan ɓangaren shi ne ya fi cancantar mai mota ya tsaya a kan bakanike ya gani da idonsa. Fetur yana ba da tururin da zai kama wuta tun a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan but da ramukan shasi, kuma kashi 1,4 cikin ɗari na iska kawai ya isa tartsatsi ya tayar da shi. Mutanen Yamai ba su manta da daren 6 ga Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama ta kama wuta, mutane fiye da 50 suka rasu nan take. Lita biyu ba tanka ba ce, amma lita biyu da famfo ke fesawa a bar 3 kan salansa mai zafi sun isa su cinye mota kafin a sauke fasinja.

Tiyon roba ba duka ɗaya ba ne, ko da sun yi kama. Akwai lamba a jikinsu. Mai SAE J30R7 na ƙaramin matsi ne, na karbireta. Mai J30R9 shi ne na injekta. Wanda zai zauna nutse cikin mai a cikin tanki kuma dole ya zama J30R10, domin sauran cikinsu ne kawai ke jure fetur, bayansu kumbura yake ya ruɓe. Tiyon ruwa ko na gas ba su da gurbi a nan ko na kwana ɗaya. Maɗaurin ma akwai na injekta, mai santsin ciki da ba ya yanka roba. Waya da aka murɗa da filaya ba maɗauri ba ce. Inda tafiya ke da tsawo, daga baya zuwa gaba, bututun ƙarfe ya fi, a ɗaure shi a shasi kusa-kusa, duk inda ya ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba. Hanyar burji mai ƙunya-ƙunya tana iya goge tiyo har ya huje cikin mako guda.

Sai wayoyi. Hanya mafi sauƙi, kuma mafi muni, ita ce a haɗa famfo da makulli kai tsaye, ko da wani maɓalli a gaban direba. A irin wannan haɗi, idan mota ta yi hatsari inji ya mutu, tiyo ya tsinke, direba ya suma, famfo zai ci gaba da feshi har tanki ya ƙare ko wuta ta tashi. Motar kamfani ba haka take ba: ƙwaƙwalwa na kunna famfo daƙiƙa biyu ko uku idan an murza makulli, sannan ba ta barinsa ya ci gaba sai tana ganin inji na juyawa. Tsofaffin Toyota masu injekta suna da rele na musamman don haka, wasu kamfanoni irin su Ford da Peugeot kuma sun ƙara maɓallin da ke yanke wuta in an yi karo. Famfon biyu duka su bi wannan umarni. Kowanne ya samu rele nasa da fiyus nasa kusa da batir, da waya mai kauri, milimita 2,5 zuwa 4, da kuma mas mai tsabta a jikin ƙarfe marar fenti. Siririyar waya tana rage wuta, famfo ya yi sanyi, ita kuma ta yi zafi a kusa da mai.

Game da mazaunin gwangwanin, dokokin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, sun tanadi cewa dole a raba tanki da famfo da wurin zaman mutane da bangon da wuta da ruwa ba sa ratsawa. Masu tsere ke nan, da suke sanye da rigar kariya, mutum ɗaya ko biyu a mota. Ina ga kat-kat mai ɗauke da iyali, ko mutum goma sha da jarkoki? Gwangwani a bayan kujera, ko a but ɗin da ke buɗe da cikin mota, bai dace ba ko kaɗan. Mazauninsa ƙarƙashin mota ne tsakanin ƙafafun shasi, sama da inda dutse zai doke shi, da faranti a ƙasa. A ɗaura shi da kusoshi a kan roba, kada walda ta tsage saboda girgiza.

Ƙarin tanki wani abu ne dabam

Mutane kan rikita tankin ko-ta-kwana da ƙarin tankin doguwar tafiya. Na biyun don nisa ake yinsa, kuma Toyota da kanta tana sa shi: akwai Land Cruiser 80 mai lita 95 da ƙarin 50, akwai kuma samfurin 78 mai tanki biyu, kowanne lita 90. A ƙasar da ake tafiyar ɗaruruwan kilomita ba gidan mai, buƙatarsa a fili take, kuma ƙarancin man da aka yi fama da shi a watan Maris na 2025 ya tuna wa kowa cewa ko matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga dubu 20 a rana tun 2011, ba kullum take wadatar da ƙasa ba. Sai dai ƙarin tanki ba ya maganin shaƙar iska. Dogon tanki marar shinge da mai walda ya ƙera ma ƙara ta yake, domin filin gudun man ya ƙaru.

Yankin iyaka ya san wani nau'in gyaran tankin: na motocin fasa-ƙwauri da ake buɗe wa ciki su ɗauki ninkin abin da kamfani ya tsara. Wannan sana'a ta yi sanyi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, daga baya kuma Nijar ta sauke litar isansi daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024. Masu waldar da suka ƙware a kanta suna nan, kuma hannunsu na da amfani a aikin halal, muddin an tuna cewa tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari a gaban wutar walda, tunda tururi ne ya cika shi.

Ba kowace mota ke buƙatar wannan ɗawainiya ba. Idan tankin motar da aka ciro injin zai shiga gurbin tsohon, a saye shi tare da famfonsa. Ya fi arha, ya fi shiru, kuma mahaɗai sun ragu, kowace mahaɗa kuwa wurin yoyo ce. Motar da ta fito da injekta daga kamfani kuma ba a ƙara mata ƙarfi ba, in tana yanke mai, a fara duba rariyar famfo da matacinta kafin a sayi gwangwani. Motocin gazuwal nasu tsarin dabam ne, ba a kwafa musu wannan yadda yake. Wanda kuma bai da halin gyara yanzu, dabararsa ita ce kada ya bar allura ta sauka ƙasa da rabi idan zai shiga rairayi.

Kafin a biya kuɗin aiki

Gwaji uku ne, kuma ba sa cin awa guda. Na farko, a murza makulli sau da yawa ba tare da tayar da inji ba, a bi kowace mahaɗa da farar takarda ko busasshen tsumma. Danshi kaɗan ma yoyo ne. A yi shi a fili, babu sigari, da abin kashe gobara mai hoda a kusa, domin ruwa yaɗa wutar fetur yake. Na biyu, a cire tiyon ƙaramin famfo a sa a jarka mai awo na daƙiƙa 30: ga inji irin 1FZ-FE, abin da bai kai kashi biyu cikin uku na lita ba bai wadatar ba. Na uku, a ɗaura agogon matsi a sandar injekta. A injuna irin 1FZ-FE da 3RZ-FE zai nuna kusa da bar 3 idan an zare ɗan tiyon mai daidaita matsi, ya sauka wajen 2,5 idan an mayar da shi inji na aiki a tsaye. Daga nan a bar mai kwata a tanki, a je inda motar ta saba tari, a ga ko allurar agogon za ta motsa. Gwajin ya fi ma'ana da azahar, bayan motar ta yi tafiyar awa guda.

Saura takardu. Sauya inji da taɓa hanyar mai canji ne ga abin da aka rubuta a katin mota, kuma dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ɗora wa mai inshora nauyin sanar da kamfani duk wani sabon abu da ya ƙara haɗari. Wanda bai sanar ba yana iya samun gardama ranar da yake neman diyya. Yana da kyau kuma mai mota ya sa bakanike ya zana masa tsarin tiyo da wayoyi a takarda, da lambar kowane famfo da girman kowane fiyus, ya ajiye tare da katin motar, ya kuma riƙe rele ɗaya, fiyus biyu da mita guda na tiyon injekta a akwatin kayan aiki. Bakaniken Dirku ko Bilma da za a kai wa motar wata rana bai ga lokacin da aka haɗa ta ba.